Jirgin Ma'azu da Kwantenar 'Yar Baba

Idan ka baro Bagudo ka miƙi hanyar da ke kai mutum bakin iyakar Benin, za ka tarar da wata 'yar tunga a hannun dama, gab da wani kwari inda ruwa ke kwanciya kowace damina. Sunanta Tungar Jirgi. Baƙo yakan duba gabas ya duba yamma yana neman kogin da ya jawo mata wannan suna, ba ya ganin komai sai gonakin dawa da rumfunan masu shayi, don kuwa kogin Kwara yana can baya da nisa. Sunan ya fito ne daga wani tsohon jirgin fito da ya yi shekara da shekaru a kife ƙarƙashin tsamiya a bakin titi, da kuma mai shi, Ma'azu. In dai ba salla yake yi ba ko lodi, to a gadon bayan jirgin nan ake samunsa zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba duniya shawarar da ba ta tambaye shi ba.

A Bahindi aka haife shi, a gidan masu fito. Mahaifinsa ne ya sa aka haɗa jirgin da katakon maɗaci mai kauri, irin wanda ƙusa ke shan wahala kafin ta shige shi. A cikinsa Ma'azu ya koyi tafiya, a cikinsa ya koyi Dandanci da Hausa da irin zagin da ake yi wa jaki idan ya turje ya ƙi hawa. Jirgin ya ɗauki albasa da busasshen kifi, ya ɗauki shanu da amare da gawa, bai taɓa kifewa da kowa ba. Ana nan sai aka yi gada. Kowa ya yi murna, har da Ma'azu, don shi ba mai baƙin ciki da ci gaba ba ne, amma dai fito ya mutu murus. Waɗansu suka koma su, waɗansu suka bar jiragensu a bakin gaɓa rana da gara suka raba. Shi kuwa ya ce tunda kaya sun bar ruwa sun hau titi, shi ma titin zai hau. Ya sa aka haɗa amalanken shanu, aka ɗora jirgin, ya zuba matarsa Jummai da tukwanenta a ciki, suka kama hanya mutanen gari na binsu da dariya. Abokinsa Abbas, wanda suka yi tuƙi tare tun ƙuruciya, ya fi kowa ƙyaƙyatawa, amma damina ba ta zagayo ba sai ga shi ya biyo sawu da nasa iyalin.

A bakin titi Ma'azu ya zama ɗan lodi, daga baya ya zama shugaban 'yan lodi, ba don ya fi kowa ƙarfi ba, sai don ya san inda nauyi ke son kwanciya. Ya kuma taho da wata doka daga kogi. A can, idan jirgi ya hau yashi ba a tsayawa gardama: a sauke kaya, a tura, a mayar da kaya. Ita ya kafa a kwarin nan har ta zama al'adar tungar. Duk motar da ta kafe a laka, kafin direba ya gama salati Ma'azu ya kira gayya. Maza su fito da shebur da fartanya, a jeru, buhu na bin hannu har tudu, a tura mota, a sake lodi ya fi na farko kyau, mata kuma su kawo tuwo. Ba a karɓar lada, kuma ko allura ba ta ɓata. Bayan 'ya'yansa, ba abin da Ma'azu ke taƙama da shi kamar cewa mota ba ta taɓa kwana a kwarinsu ba.

Mutum ɗaya ne kacal ya taɓa ɓata masa rai a wannan aiki, wani direba ɗan Farakku ta ƙasar Benin. Motarsa ta kafe, ya hau babur ya tafi neman wadda za ta ja shi. Kafin ya dawo gayya ta taru. An tarar da tamfol ɗin a ɗaure da wata waya da ta zagaye motar, da ɗan curin darma a ƙarshenta, Ma'azu ya sa filaya ya datse, aka yi aiki. Direba ya dawo ya iske motarsa a tudu, lodi tsaf, Ma'azu ya miƙa masa wayarsa a nannaɗe yana jiran godiya. Sai bawan Allah ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka. Aka kawo tuwo ya ƙi ci. Ya tashi motarsa ya tafi ko sallama babu. Shekaru Ma'azu yana ba da labarin nan a gindin tsamiya, duk sa'ad da hira ta biyo ta kan butulci.

Turanci kuwa Ma'azu yana da shi cike da baki, ma'anarsa ce dai ba ta iso ba. Direbobi da 'yan kamasho suna zubar da kalmomi a wurin shan shayi, shi kuma yana tsincewa yana sa su aiki inda ya ga dama. Idan Jummai ta makara da abinci ya ce ta shiga damarej. Idan akuya ta faɗa gonar maƙwabci ya ce a nemo masa kansaininta. Jummai takan ce, "Malam, in miya kaka so ka ce miya, ka bar ni da wanga yaren tirela." Shi kuwa sai ya gyara hula, don a ganinsa mutumin da ke harka da bakin iyaka bai kamata ya yi magana kamar mai sayar da ƙuli ba.

Wadda ta kawo masa ma'anar ita ce Hamdiyya, 'yarsa ta fari. Ba ya kama sunanta saboda kara, 'Yar Baba yake ce mata, har sunan ya bi ta. A kan jirgin nan ta yi rarrafe, a kansa ta yi aikin gida na makaranta. Ta yi karatu a Birnin Kebbi, ta sami aiki a ofishin masu fiton kaya, fito na halal mai takarda, ba na bin daji da babur ba. Ranar da aka gaya wa Ma'azu sunan aikin sai da ya yi hawaye, ya ce yarinya gado ta yi.

Wata Babbar Salla ta zo gida, da la'asar suna zaune su biyu a bayan jirgi, ya ce ta shiga damarej don ta daɗe ba ta zo ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, kai kau ka san mi a damarej?"

"Jinkiri mana," in ji shi, amma muryarsa ba ta da ƙarfin da ta saba.

"Ka yi kusa. In mai kaya ya riƙe ma jirgi bakin gaɓa, bai kwashe kayanai ba, ga mutane can ƙetare suna jira, mi kaka yi mai?"

"In ci mai mutunci, in sa shi biyan zaman da nay yi."

"To shi na damarej."

Ma'azu ya gyara zama kamar ɗan makaranta. Girman kai bai taɓa hana shi tambaya ba idan ya ga abin ƙaruwa. Ya riƙa zaro kalmomin da ya tara ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana mayar masa da su kogi. Shifa shi ne wanda ya zuba kaya a jirgi a wannan gaɓar. Kansaini shi ne wanda ke tsaye a waccan gaɓar yana jira, don haka akuya ba ta da shi. Webil ita ce takardar da ke bin kaya tana faɗin nawa ne, na wane ne, ina za su, abin da kakanta ke riƙewa a kai. Taransit kuwa kaya ne baƙi masu wucewa, ƙasar da suka ratsa ba tata ba ce, hanya kawai ta ba su. Kowacce ta faɗa sai ya buga cinya ya ce, "Ashe! Mu ma muna da shi, suna na ba mu sa mai ba." Daɗi ya kama shi ƙwarai, don ya gane cewa Turancin da ya daɗe yana jin tsoronsa a ɓoye ba wani abu ba ne illa aikin ubansa da aka sa wa kwat.

Daga nan ta buɗe jaka ta ɗauko wani ɗan ƙarfe kamar ƙatuwar ƙusa mai kai, an yanke shi biyu, da lamba a jikinsa. Ta ce wannan shi ne sil, wanda ake maƙala wa ƙofar kwantena bayan kwastan sun duba kaya. Ba shi da mabuɗi, sai dai a yanke.

"Kwaɗo babu ɗan mabuɗi?" Ma'azu ya juya shi a tafin hannu. "Ai mai walda na gamawa da shi kahin ka sha ruwa."

"Ba don shi hana ɓarawo anka yi shi ba, Baba. Shaida na. Ka ga in Inna ta liƙe bakin rumbu da laka, ta danna tahin hannunta bisa? Lakar ba ta hana kowa buɗewa. Amma in ta dawo ta iske tahin ya hwashe, ko dawa ba ta ragu ba, hankalinta na kwanciya?"

"Ba shi kwanciya."

"To haka na. In sil ya katse bisa hanya, ko kun maida kaya sun hi da kyau, ba mai yarda. Sai a tsare mota, a sake bincike, mai kaya na iya cewa ba shi so. Direba kau shi aka hwara kamawa."

Ma'azu ya daɗe yana kallon ɗan ƙarfen. Can ya tambaya a hankali, ko waya mai curin darma da ake zagaya tamfol da ita, ita ma sil ce. Ta ce ita ce ta da. Ranar nan naman Salla bai yi masa daɗi ba, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake jin labarin butulu ɗan Farakku a bakinsa. Abin da aka lura kawai shi ne, duk direban da ya fito daga wajen Benin ya tsaya shan shayi, Ma'azu yakan kwatanta masa wani mutum dogo mai tsage a kumatu, ya tambaya ko ya san shi. Har yau ba a dace ba.

Daminar da ta biyo baya Hamdiyya ta sami abin da ta daɗe tana nema. Wani ɗan kasuwa mai fitar da zoborodo ƙasashen waje ya yarda ya ba ta kwantena ɗaya ta gwada, da sunanta, ba da sunan maigidanta na ofis ba. Bai ɓoye mata ba, ya ce shi bai taɓa ba mace kayansa ba, idan wannan ta isa tashar jirgin ruwa ta Kwatano lafiya kafin a rufe karɓar kaya, sauran nata ne. Idan an sami tangarɗa, kowa ya kama gabansa. Ta bi kayan nan kamar mai renon jariri, aka duba, aka rufe, aka sa sil a gabanta. Sannan ta buga wa mahaifinta waya ta ce gobe da hantsi kwantenarta za ta wuce ta gabansa, direban sunansa Lukmanu.

Ma'azu ya sa Jummai ta fito masa da babbar rigarsa ta Juma'a. Da asuba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma da hantsi yana kan jirgi, rigar ta sha guga, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa yau kayan 'Yar Baba za su wuce, ita ce mai fito, kansaini kuwa yana can bayan teku. Sai ga tirela ta ɓullo, ta gangara kwari a hankali, ta yi tsakiya, ta yi gurnani, ta karkata kaɗan, ta tsaya cik. Ƙafafun baya suka nutse har gindi.

Kafin tsoho ya tattare riga ya gangara, tungar ta riga shi. Ai shi ya koya musu. Abbas ya kira gayya, maza sun fara jeruwa daga bayan mota har tudu, mai walda ya taho da zarton ƙarfe a kafaɗa, ga Lukmanu yana ɗaga hannu yana rantse-rantse ba mai sauraronsa, don a Tungar Jirgi an saba direba ya yi ihu, a taimake shi, daga baya ya gode. Jin cewa kayan 'Yar Baba ne ma ya ƙara musu zafin nama. Mai walda ya riga ya ɗora zarto a kan ƙarfen sil ɗin lokacin da Ma'azu ya kutsa cikin laka da rigar Juma'a, ya riƙe masa hannu, ya juya ya jingina bayansa da ƙofar kwantena.

"Ba a buɗe ta," ya ce yana haki.

Abbas ya matso yana share ruwa a fuska. "Ma'azu, lahiya? Hadari na can ya sake haɗuwa. In ba mu rage mata nauyi ba, nan za ta kwan, ta ƙara nutsewa."

"Na sani. Ba a buɗe ta."

"Kai kak koya muna wanga aiki!"

"Awo, ni na. Yau kau ni ka hana shi."

Sai gunaguni ya tashi. Wani daga baya ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji, wato kayan kowa ana taɓawa, na ɗiyarsa ne kaɗai ake tsoron hannunsu a kai. Maganar ta soki Ma'azu har ƙashi. A wurin mutanen da suka yi shekaru suna sauke dukiyar baƙi ko allura ba ta ɓata ba, ka ce kada su taɓa kaya daidai yake da ka kira su ɓarayi. Ya ga fuskar Abbas ta canja, ya ga waɗansu sun fara saɓa shebur za su juya. Tsoro ya kama shi, na kayan 'yarsa da na zumuncin da ya gina tungar a kansa.

"Ku tsaya," ya ce. "Wallahi da rumbuna na, da na ba ku ku kwashe ku maida ina kwance gida. Ku dubi wanga ƙarhe. Ba kwaɗo na ba, tahin hannu na bisa laka. Can bakin teku akwai mutanen da ba su san Abbas ba, ba su san ni ba, ba su san ba mu sata. Wanga ɗan abu kaɗai sunka sani. In ya katse, sunan ɗiyarku ya katse, wanga yaro kau shi kwan hannun hukuma." Ya juya wajen Abbas. "Kun tuna ɗan Farakku da yaƙ ƙi cin tuwonmu? Ba butulu na ba. Mu munka yanke mai wuya muna murna."

Abbas ya dubi ƙarfen, ya dubi abokinsa, ya ce da mai walda ya sauke zarto. Sannan ya yi tambayar da ke bakin kowa: "To, mi za mu yi?"

Aka yi abin da aka iya. Aka haƙe laka a gaban ƙafafu, aka zuba duwatsu, aka sassaro rassa aka shimfiɗa. Aka roƙo tarakta daga wata gonar shinkafa, ta zo ta ɗaura sarƙa ta ja. Tayoyi suka juya, suka haɗiye rassan da duwatsun kamar ba a zuba ba, mota ta ƙara zama. Lukmanu ya ce in ba katako mai faɗi da kauri aka samu ba, wanda taya za ta hau, ba abin da zai yiwu, kuma mai jan manyan motoci ba zai iso ba sai gobe ko jibi. Aka kawo ƙyauren wani shago, ya karye kamar kara. Ana cikin haka wayar Ma'azu ta yi ƙara. Hamdiyya ce, Lukmanu ya riga ya gaya mata.

"Baba, kome za a yi, kada a taɓa sil," ta ce. Tana ƙoƙarin yin muryar ofis, amma shi da ya haife ta ya ji rawar da ke ƙasa.

"Ba mai taɓa shi. Yaushe aka ruhe karɓar kaya?"

Ta ce, "In ba ta ƙetare iyaka yau ba, jirgi ya tahi ya bar mu."

"To, je ki yi salla, 'Yar Baba."

Ya mayar da wayar aljihu. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen dawa. Ya ɗaga kai ya dubi tudu, inda jirgin ubansa ke kife ƙarƙashin tsamiya, katakan maɗaci masu kaurin tafin hannu, dogaye, waɗanda ruwan Kwara da ranar shekaru suka mayar kamar ƙarfe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a kawo guduma da ƙarfen ɓamɓare ƙusa.

Abbas ne ya fara gane nufinsa, ya sha gabansa. "A'a. Ban yarda ba. Cikinai munka girma, Ma'azu. Ka bari a nemi wata dabara."

"Nemo ta kahin ruwa shi sauko, in hwasa."

Abbas ya kauce masa. Jummai tana tsaye a ƙofar gida da sauran mata, ita da ta shigo tungar nan a cikin jirgin tana rungume da tukwane. Ma'azu ya dube ta, kallon neman izini, abin da bai saba yi a gaban mutane ba. Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Malam, cire rigar tukuna, kada ka yage ta."

Shi ya zare ƙusa ta farko da hannunsa, don ya san ba wanda zai yarda ya fara. Ta fito da ƙara mai tsawo. Daga nan gayya ta koma kan jirgi, kuma ba a taɓa yin gayya marar hayaniya irin wannan a tungar ba. Layin da aka jera don buhunan zoborodo shi ya ɗauki katakai, hannu zuwa hannu, daga tudu zuwa kwari. Ma'azu ya shiga laka har gwiwa yana nuna inda kowanne zai kwanta, wannan a gicciye, wancan a miƙe, don har yanzu ba wanda ya fi shi sanin inda nauyi ke so. Tarakta ta ɗaura sarƙa, Lukmanu ya yi bisimilla ya ba ta wuta, maza suka sa kafaɗa. Tayoyi suka kama katako. Aka ji maɗaci yana kuka, wani ya tsage, wani ya karye biyu, amma na ƙasa suka riƙe. Tirela ta yi rawa, ta ɗago, ta tako a hankali, ta tako, sai ga ta a tudu laka na zuba daga cikinta. Kabbarar da aka yi sai da ta tashi tsuntsayen tsamiya.

Ma'azu bai yi kabbara ba sai da ya zagaya baya ya share ɗan ƙarfen da babban yatsa, ya ga lambarsa garau, in ban da ɗan ƙarzanen da zarto ya fara yi wa fenti. Mata suka kawo tuwo. Lukmanu ya ce sauri yake, Ma'azu ya ce ko loma ɗaya ce sai ya ci, ya tsaya a kansa har ya ci, ya ƙara, ya yi godiya kamar zai durƙusa. Motar ba ta ɓace daga gani ba ruwa ya kece.

Kwantena ta ƙetare iyaka a ranar, ta isa Kwatano, ta hau jirgi. Ɗan kasuwar ya cika alkawari, yanzu kayan 'Yar Baba sukan wuce ta gaban tungar har an daina fitowa kallo. Gayya tana nan ba ta mutu ba, doka ɗaya ce ta ƙaru: kafin a taɓa igiya ko ƙofa, sai Abbas ya zagaya ya duba, idan ya ga ƙarfe ko waya ya ce, "Taransit ta, ku kawo katako," da ƙarfin hali kamar a Ingila aka yaye shi. Katakan da suka tsira suna jingine a bayan masallaci don wannan aiki.

Ba wanda ya gaya wa Hamdiyya abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin motarta. Ma'azu ya hana. Sai da kaka ta yi ta zo gida da tsaraba niƙi-niƙi, ta sauka a bakin titi, ta nufi gindin tsamiya kamar kullum, ta ja ta tsaya. Inda jirgi yake babu komai sai dogon tabo a ƙasa inda ciyawa ba ta taɓa fitowa ba. Mahaifinta na zaune a gefe kan wani ɗan benci da aka haɗa da katako guda, mai tsagewa a tsakiya da zanen taya a jikinsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Baba, ina jirgi?"

"Ga ni bisa abin da yar rage."

Ta dubi zanen tayar, ta gane. Jakar hannunta ta faɗi. Ta durƙusa a gabansa tana kuka kamar ƙaramar yarinya, tana cewa da ta sani da ta bar kayan sun lalace, jirgin kakanta ne, a kansa ta girma. Ma'azu ya bar ta ta yi mai isarta. Shi ma ya yi kewarsa, ba ya musu. Har yanzu da safe ƙafarsa takan nufi wurin da kanta. Amma zuciyarsa fari tas take, kuma ya daɗe bai ji daɗin duniya kamar na wannan shekarar ba.

Ya matsa gefe, ya daddaɓa katakon don ta zauna.

"Share hawaye, 'Yar Baba. Jirgin hito na, ba kujera ba. Tun da anka yi gada yana nan kihe, bai ƙetarar da kowa ba. Ashe ke yaka jira."